RA'AYINMU: Ba A Cinikin Biri A Sama

A wata ikilisiya da muka sani, matan Zumunta sun tara kuɗin anko domin babban taronsu na shekara. Ma'ajiyarsu ta ga tallar atamfa a zauren WhatsApp na ikilisiya, farashin ya yi ƙasa da na kasuwa nesa ba kusa ba, saƙon kuma ya fito ne daga lambar wani dattijo da kowa ke ganin girmansa. Ba ta yi wata-wata ba ta tura kuɗin mata gaba ɗaya zuwa asusun da aka ba ta. Da shiru ya yi yawa aka je gidan dattijon, sai ya ce ai shi ma tun makon jiya ya kasa shiga WhatsApp ɗinsa.

Ga yadda aka yi masa. Wani ya buga masa waya, ya gaishe shi cikin sunan Ubangiji, ya ce za a yi taron addu'a ta intanet da dare, don haka za a aiko masa da lambobi 6 ya karanto domin a sa sunansa. Lambobin nan su ne mabuɗin WhatsApp ɗinsa. Yana karantawa, ɓarawo ya shige da sunansa da hotonsa cikin kowane zaure da yake ciki.

Abin da ya fi damunmu ke nan, 'yan'uwa: macucin yau ya koyi harshenmu. Ya iya "salama", ya iya "Allah ya sa albarka", yakan ma liƙa aya a ƙarƙashin tallarsa. A shekarun 1990 'yan 419, waɗanda suka samo sunan daga sashe na 419 na dokar manyan laifuffuka, da wasiƙa suke farautar masu kuɗi. Yanzu kuwa, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya tilasta wa har mai sayar da ƙosai karɓar kuɗi ta waya, gwauruwa da ɗan makaranta ma sun zama abin farauta.

Mu tuna da labarin Gibeyonawa a Littafin Joshuwa sura 9. Maƙwabta ne na kusa, amma suka sa tsofaffin takalma, suka ɗauko salkuna masu faci da busasshiyar gurasa, suka ce daga ƙasa mai nisa suka fito. Shugabannin Isra'ila suka duba guzurin, ba su nemi shawarar Ubangiji ba, suka rantse musu. Bayan kwana 3 gaskiya ta fito, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Su fa sun taɓa gurasar da hannunsu, duk da haka aka yaudare su. To, ina ga mu da hoto kawai ake nuna mana, hoton da wataƙila daga shafin wani ɗan kasuwar kirki aka sato shi?

Ba muna cewa a daina ciniki ta intanet ba ne. Akwai 'ya'yan ikilisiya da yawa da suke ciyar da iyalinsu da shi cikin gaskiya. Amma a namu ganin, mutumin da ba ka sani ba, kada kuɗinka ya riga kayansa tafiya. Ka nemi a kawo, ka duba, sa'an nan ka biya. Idan kayan a Kano ko Legas suke, ka sa wani naka da ke can ya je ya ga shagon da idonsa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ce saura guda biyu, in ba ka biya yanzu ba wani zai ɗauka, so yake kada ka sami sukunin tunani. Idan kuma saƙon da sunan fasto ko dattijo ya zo, ka kira shi ka ji muryarsa tukuna. Wannan ba rashin ladabi ba ne. Kafin kuɗi ya fita, waya takan nuna sunan mai asusun. In ya bambanta da na mai tallar, ka dakata. Lambar sirri ta katinka da lambobin da banki ke aikowa lokacin biya kuwa, banki ba ya tambayarsu ta waya, balle mai sayar da takalmi.

Masu sayarwa ma ba su tsira ba, domin akwai saƙon shigar kuɗi na jabu. Kada a saki kaya sai an duba asusu an ga kuɗin a ciki.

Amma akwai wani ciwon da ya fi asarar kuɗi. Ma'ajiyar nan ta yi kwanaki ba ta gaya wa kowa ba saboda kunya, tana tsoron a ce ita ta cinye. Cikin kwanakin nan wasu ma suka tura nasu. Da ta sanar da bankinta tun ranar, da wataƙila an riƙe kuɗin kafin a kwashe. Akwai 'yan sanda, akwai hukumar EFCC da ta fara aiki a 2003, akwai kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015, amma babu ɗayansu da zai bi sawun ƙarar da ba a kai ba. Laifin shirun nan har da mu a ciki, gama mun saba yi wa wanda aka cuta dariya, mu ce kwaɗayi ne ya ja masa.

Saboda haka muna roƙon fastoci da dattawa su ba da minti 5 a lokacin sanarwar ranar Lahadi domin wannan magana, matasa kuma su zauna da iyayenmu bayan sujada su sa musu makulli na biyu a WhatsApp. Kuɗin ƙungiya kuwa, ko na Zumunta ne ko na mawaƙa, kada a ƙara tura shi ko'ina sai mutum biyu sun gani sun amince.