Ciwon Hanta: Tun Daga Ɗakin Mai Jego Za A Tare Shi

Binciken da Gwamnatin Tarayya ta gudanar a shekarar 2018 ya nuna cewa kimanin mutum 8 cikin kowane 100 na manyan Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. Akasarinsu ba su sani ba, domin hanta kan yi shekaru tana lalacewa ba tare da wata alama ba. In ido ya yi rawaya kuwa, sai a ce shawara ce, a nufi mai jiƙo a bakin tasha.

Da yawa tun a zanin goyo suka kamu. Cikin jarirai 10 da suka ɗauki cutar lokacin haihuwa, kusan 9 za su rayu da ita, wasunsu har ta kai su ga sankarar hanta.

Tun 2004 allurar rigakafinta ke cikin jadawalin yara, kyauta, amma ta farko ana son yin ta cikin awa 24 da haihuwa. To, jaririn da aka haifa a gida, wa ke fita da shi kafin suna? Muna kira ga gwamnatocin jihohi da su tura ma'aikatan lafiya gidajen masu jego, tare da haɗin kan ungozomomi da masu unguwanni, su kuma mayar da gwajin cutar kyauta ga kowace mai juna biyu.