Gidan Wasa Ba Na Sallah Kaɗai Ba Ne

A Ingila da arewacin Amurka, sanyi ne ke yanke wa gidajen wasan yara lokacinsu: galibi su buɗe da bazara, su rufe idan hunturu ya kankama. Mu a Kano babu ƙanƙarar da ta hana mu fita. Mu da kanmu muka mayar da shekara guda 'yan kwanakin Sallah.

Da an gama kallon Hawan Daushe da na Nassarawa, sai a loda yaran Yakasai da Mandawari a adaidaita-sahu, a nufi Gidan Zoo na Audu Bako, wanda yake nan tun farkon shekarun 1970. Layi ya miƙe, rana ta take, ana ta cigiyar yaran da suka ɓace. A ƙananan wuraren wasa kuwa, lilon da ya yi watanni ba mai hawa, rana ɗaya a ɗora masa nauyin unguwa guda. Wa ya duba kusoshinsa?

Shawarata ga iyaye, a bar wa Sallah hawa da zumunci. A ɗebi yara da hantsin wata Asabar cikin hutun Disamba, lokacin da zafi ya sauka, kuɗin mota bai tashi ba, kuma uwa tana iya ƙirga 'ya'yanta da ido.