Ƙaddara Ba Rahoton Bincike Ba Ce

Duk lokacin da jirgin soja ya faɗo a ƙasar nan, kafin hayaƙi ya lafa an gama yanke hukunci: ƙaddara ce. Manya su yi layin ta'aziyya, a sassauto da tuta, a kafa kwamiti, shi ke nan. Wanda ya tambayi lafiyar injin sai a yi masa kallon mai raunin imani. Mun yi imani da ƙaddara, amma an mai da ita mayafin lulluɓe sakaci, kuma ban ga dalilin da zai sa mu riƙa taya su lulluɓewa ba.

Ranar 29 ga Nuwamba 2023, jirgin sojan Amurka ƙirar Osprey ya faɗa teku kusa da tsibirin Yakushima na Japan ana cikin atisaye, sojoji 8 suka mutu. Bayan mako guda aka hana duk jiragen wannan ƙira tashi, har wata 3. A Agustan 2024 rahoto ya fito, kowa ya karanta: wani ƙarfe ne ya tsage a akwatin giyar da ke juya farfela, kuma matuƙin ya ci gaba da tafiya duk da gargaɗin da na'ura ta yi ta maimaita masa. Mutumin ya rasu a bakin aiki, an karrama shi, amma ba a ɓoye kuskurensa ba, domin akwai masu tuƙa irin jirgin gobe.

Mu fa? A Fabrairun 2021 jirgin King Air ya kashe mutum 7 a Abuja. A Mayu wani ya faɗi a Kaduna da Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Ibrahim Attahiru, da wasu mutum 10. A Afrilun 2022 jirgin koyon tuƙi, Super Mushshak, ya tafi da matuƙa 2, nan ma Kaduna. An miƙa wa rundunar sama rahoton wucin gadi kan hatsarin Attahiru. Talakan da ya biya kuɗin jirgin, shi me aka nuna masa?

Wani zai ce ina ruwan Bagobiri da wannan. Ai da ruwansa tsundum. Mutanen Sabon Birni da Isa, waɗanda aka ƙona musu matafiya cikin mota a Disambar 2021, waɗanda aka kashe musu Sarkin Gobir na Gatawa, Isa Muhammad Bawa, a Agustan 2024, sama suke dubawa idan yaran ɗan bindiga Turji sun tunkaro gari, don motar soja ba ta isowa sai an gama kore shanu. Jiragen ba su da yawa, horar da matuƙi kuma aikin shekaru ne. Duk jirgin da ya faɗi, a gonakinsu ake jin rashinsa.

Kuma rundunar da ba ta saba bayani kan nata matattun ba, yaya za ta gamsar da mutanen Silame, inda harin sama ya bar gawawwakin ƙauyawa ranar 25 ga Disamba 2024?

Sanatan Sakkwato ta Gabas da ɗan majalisar Isa da Sabon Birni su bar zaryar gaisuwa haka nan. Su miƙe a zauren majalisa su nemi a buga rahotannin nan, ɗaya bayan ɗaya, a fara da na Attahiru.