Kafin a zagi kamfanin layi, a fara bincikar wayar

A shagunan waya na Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja, tambayoyin mai saye ba su cika wuce huɗu ba: giga nawa ce, yaya lafiyar batir, an taɓa canza sikirin, kyamara tana fitar da hoto? Da wuya a ji wanda ya tambayi yadda wayar ke riƙe sabis, ko kuma a kulle take da wani kamfanin layi na ƙasar waje. Sai an kai ta gida, kira ya fara yankewa a cikin ɗaki, sannan a hau zagin MTN ko Airtel. Wani lokacin kamfanin ya cancanci zagin. Amma sau da dama matsalar tana hannun mai zagin ne, kuma da kuɗinsa ya sayo ta.

Wayar da ta fi kowacce tona wannan asiri ita ce iPhone 4. Ta fito ranar 24 ga Yunin 2010, kuma Apple ta yi alfahari da ƙarfen da ya zagaye gefenta, domin ƙarfen nan shi ne eriyar wayar. An raba shi gida-gida da ɗan siririn layi, ɗaya daga cikin layukan yana ƙasa ta ɓangaren hagu, daidai inda tafin hannu ke sauka. Fatar mutum tana ɗaukar lantarki, don haka da zarar hannu ya rufe wurin sai ya haɗe eriya biyu da bai kamata su haɗu ba. Masu gwaji na shafin AnandTech sun auna raguwar da ta kai dB 20 zuwa 24, gwargwadon yadda aka damƙi wayar. Raguwar dB 20 na nufin ƙarfin sabis ya koma kashi ɗaya cikin ɗari na yadda yake. Wanda ke kusa da turken sabis ba zai lura ba. Wanda ke wurin da sabis ke da rauni, kiransa ya yanke kenan.

Amsar farko da Steve Jobs ya ba wani mai ƙorafi ita ce ya daina riƙe wayar ta haka. Da surutu ya yi yawa, kuma mujallar Consumer Reports ta ƙi ba jama'a shawarar sayen wayar, sai ya kira taron manema labarai ranar 16 ga Yuli, ya ce za a raba wa kowa robar gefe kyauta. Daga baya, a 2012, aka sasanta ƙarar da masu wayar suka shigar a Amurka, kowa ya zaɓi dala 15 ko roba.

Abin da ya fi amfani a cikin rigimar ba robar ba ce. A farkon Yulin shekarar Apple ta amsa da bakinta cewa lissafin da take amfani da shi wajen nuna sandunan sabis ba daidai ba ne, waya kan nuna sanda huɗu a wurin da biyu ya kamata ta nuna. Wato sandunan nan da ake kallo a saman sikirin ba ma'auni ba ne, zane ne kawai da manhaja ke yi, kuma kowane kamfani da yadda ya tsara nasa. Babu wata doka da ta ce sanda huɗu a Tecno ita ce sanda huɗu a Samsung. Har yau ana zaman majalisa ana jera wayoyi ana cewa wannan ta fi jan sabis, alhali lambar gaskiya tana ɓoye a cikin setin. A yawancin wayoyin Android tana Settings, About phone, SIM status. A iPhone ana danna *3001#12345#* a kira. Lambar tana zuwa da alamar ragewa: a 4G, -80 sabis ne mai kyau, -100 lallaɓawa ake yi, -115 kuma sai addu'a. Waya biyu, layi iri ɗaya, wuri ɗaya, a kwatanta lambobin. Gardama ta ƙare.

Ba'amurken da ya sayi iPhone 4 a 2010 ba shi da damar gwada wayarsa da wani layi, domin tun fitowar iPhone ta farko a 2007 kamfanin AT&T ne kaɗai kamfanin layin da ke da ikon sayar da ita a ƙasar, kuma a kulle take da layinsa. Idan kira ya yanke, Apple ta nuna AT&T, AT&T ya nuna Apple, mai waya kuma ba zai iya sa wani layi ya gane mai gaskiya ba. Haka aka yi a Birtaniya da O2, a Faransa da Orange, a Jamus da T-Mobile. Faransa ce ta yi saurin farga, hukumar kula da gasar kasuwanci ta dakatar da yarjejeniyar Orange a Disambar 2008. Amurkawa kuwa sai Fabrairun 2011 suka ga iPhone a Verizon. Kanada ta hana sayar da kullalliyar waya a Disambar 2017, Birtaniya ta bi sahu a Disambar 2021. A Amurka har yanzu ana kullewa, musamman wayar da aka ɗauka a kan biya kaɗan-kaɗan.

Najeriya ba ta gaji wannan tsari ba. Tun zuwan GSM a 2001 mutum yake sayen waya daban, layi daban, kuma Tecno da itel da Infinix sun gina kasuwarsu ne a kan waya mai layi biyu. Tun 2013 ma ana iya ƙaura daga wani kamfani zuwa wani da lambar mutum. Wannan 'yanci ne babba, kuma abin takaici shi ne yadda matasa ke biyan kuɗi su mayar da shi. Kaso mai yawa na iPhone ɗin da ake kira London use daga Amurka suke, wasu kuma har yanzu a kulle suke da AT&T ko T-Mobile ko Verizon. Sai a sa wani ɗan siririn chip a ƙarƙashin layi domin a yaudari wayar, a sayar da ita da ɗan rangwame. Tana aiki, ba a musu. Amma irin wannan waya ce ake wayar gari ta ce babu sabis bayan an sabunta manhajarta ko an canza layi, sai an koma wurin mai gyara. Rangwamen da aka samu ranar saye, a hankali yake komawa shagon gyara.

Dubawa ba ta cin minti ɗaya. Daga iOS 14 zuwa sama, a shiga Settings, General, About, a gangara zuwa Carrier Lock. Idan an ga No SIM restrictions, wayar a buɗe take. Duk wani rubutu da ba wannan ba, to mai saye ya san abin da yake saye, kuma kuɗin ya kamata ya sauka sosai. Akwai kuma batun iPhone 14 zuwa sama ta kasuwar Amurka, wadda ba ta da ramin layi sam, sai eSIM. MTN da Airtel suna bayar da eSIM, don haka buɗaɗɗiya tana da mafita. Wadda aka fasa cikinta aka dasa mata ramin layi da hannu kuwa, a bar wa mai shago kayansa.

Ko buɗaɗɗiyar waya tana iya gaza jin wani layi. Kowane kamfani yana watsa 4G a kan zangon da ya saya, wato band, kuma ba kowace waya ke kama kowane zango ba. Lokacin da Glo ta fito da 4G a 2016 a kan 700MHz, band 28, wayoyi da yawa da ke hannun mutane ba su gan shi ba sam, aka yi ta cewa babu 4G ɗin. Ƙananan zango irin 700 da 800 su ne ke tafiya nesa kuma suke ratsa bango, su ne abokan mutumin ƙauye da mai ɗaki a can cikin gida. Wayar da aka ƙera don wata kasuwa, wadda ba ta da band 20 ko 28, za ta yi lafiya a tsakiyar gari, ta kurumce a kan hanyar Gumel.

A kan hanya ne kuma wani kuskuren fahimta ke fitowa. Mutane da yawa sun ɗauka idan sabis ya ɗauke, taswira ta mutu. GPS ba ruwansa da MTN. Wayar tana sauraron taurarin ɗan Adam ne da ke nisan kusan kilomita 20,200 a sama, ba ta aika musu komai, ba ta cin data a kan hakan. Abin da data ke yi shi ne sauko da hoton taswirar, da labarin cunkoso, da taimaka wa wayar ta gano taurarin da sauri. Wanda ya sauke taswirar Kaduna zuwa Sakkwato a Google Maps tun yana gida, ko ya sa Organic Maps ko OsmAnd, ɗigon nan mai shuɗi zai ci gaba da tafiya ko babu sanda ko ɗaya. A Satumbar 2021, da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan jihohin da ke maƙwabtaka, GPS bai tsaya ba. Taswirar da ba a sauke ba ce ta zama farin fili.

Wannan abu da ake samu kyauta, a da kuɗi ne. A 2009 manhajar TomTom ta iPhone kusan dala 100 ce, kuma akwai mariƙin mota da ake saye daban, mai nasa GPS a ciki, saboda na wayar bai da ƙarfi. A Oktobar shekarar Google ta saki jagoran hanya kyauta a Android 2.0, hannun jarin TomTom da Garmin ya faɗi a ranar, Nokia kuma ta bi sahu a Janairun 2010. Yanzu waya mai arha ma tana yin aikin. Babban maƙiyinta a mota zafi ne. Apple ta ce an tsara iPhone ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, Sakkwato kuwa a watan Afrilu tana wuce 40 a inuwa. Waya manne a gilashin gaba, tana caji, sikirin a kunne, GPS na aiki: za ta rage haske, ta daina caji, wani lokaci ta tsaya gaba ɗaya. Mariƙin da ake saƙalawa a bakin iskar AC ya fi na gilashi, kuma ya fi riƙe waya a hannu, wanda laifi ne a wurin jami'an FRSC.

Sai dai taswira ta san tsawon hanya ne kawai. A Disambar 2012 'yan sandan jihar Victoria a Ostireliya sun gargaɗi direbobi game da Apple Maps, saboda ta ajiye garin Mildura a tsakiyar wani gandun daji, kusan kilomita 70 daga inda yake, har wasu suka maƙale babu ruwa. A arewacin Najeriya haɗarin ya sha bamban. Manhaja za ta iya zaɓar hanyar Birnin Gwari ko wata 'yar yanke ta cikin daji don ta rage minti arba'in, ba ta san gadar da ruwa ya cinye a daminar bana ba, ba ta san inda aka tare mutane jiya ba. Wannan labarin yana bakin direbobin tasha. A cikin Kano ko Abuja a bi muryar taswira. Tafiya tsakanin jihohi kuwa, a fara tambayar masu lodi wace hanya ake bi a wannan makon, sannan a ja layin taswirar ya bi ta nan.