Mun fasa kwalabe, ina ɗakin da mashayi zai zauna?

Wata baiwar Allah ta aiko mini da saƙo a makon nan, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Mijinta direban babbar mota ne, ya daɗe yana shan giya a ɓoye, yanzu da bakinsa ya ce ya gaji, yana so ya daina. Ta je wurin yayansa neman shawara, sai ya ce mata: "Ki rufa mana asiri, ki yi ta addu'a. In ya ƙi ji, mu kai shi gidan mari." Iyakar abin da dangi suka tanadar wa mutumin da ya miƙo hannu da kansa ke nan.

Ni dai ba na goyon bayan gidan mari. Ba mu manta da 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala, ba a jima ba aka ga irin haka a Daura. Sarƙa tana hana mutum zuwa mashaya, amma ranar da aka kwance ta, sha'awar tana nan daram. Haka nan Hisba a Kano takan tara kwalabe dubbai a bi ta kansu da mota. Ban ƙi ba. Sai dai wanda hannunsa ke karkarwa tun asuba, fasa kwalba ba ta warkar da shi, burkutu ko ogogoro zai koma nema.

Akwai wata hanya. A watan Mayun 1935 wani ɗan kasuwar hannun jari daga New York mai suna Bill Wilson ya je garin Akron a jihar Ohio ta Amurka, cinikin da ya kai shi ya rushe. Wata biyar ke nan rabonsa da giya. Yana tsaye a harabar otal, ga mashaya can gefe yana jiyo hayaniyarta, ya tabbata in ya shiga ya halaka. Sai ya ɗauki tarho ya kira wani limamin coci yana roƙon a haɗa shi da wani mashayi, ko waye. Aka haɗa shi da likitan tiyata, Dakta Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Likitan ya ce minti 15 kawai zai bayar. Suka shafe sa'o'i suna magana. Abin da ya kama zuciyar likitan shi ne baƙon bai zo yi masa wa'azi ba, ya gaya masa cewa shi ne yake bukatarsa don kada ya koma ruwa. A watan Yuni na shekarar likitan ya yi shan ƙarshe, daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato AA, ta samo asali.

Zaman nasu ba shi da wani ƙawa. Kujeru, shayi, kamar awa ɗaya. Kowa sunansa na farko kawai yake faɗa, ba kuɗin rajista, sharaɗin shiga ɗaya ne: kana son daina sha. Mai magana ba a katse shi, baƙon da bai shirya buɗe baki ba ya yi shiru ya saurara, abin da aka faɗa a ɗakin kuma a nan yake tsayawa. Alkawarin da ake ɗauka na yau ne kaɗai, gobe a sake ɗauka. Sabon shiga yakan samu tsohon hannu da zai kira ko da tsakar dare in sha'awa ta taso. A 2020 masana na cibiyar Cochrane suka tattara bincike 27, suka gano wannan hanya tana kai mutane ga dainawa gaba ɗaya daidai da sauran hanyoyin jinya, wani lokaci ma ta fi su.

Za a ce abin na Nasara ne, kuma addini ya hana tona zunubi. Musulmin Baltimore sun kafa tasu, Millati Islami, tun 1989, kuma mai kai kuka don a cece shi daban yake da mai alfahari da saɓo.

Mu da Manzon Allah (SAW) ya hana a la'anci sahabin da aka sha kawowa saboda giya, ya kuma shaida cewa yana son Allah da Manzonsa, mu ne muka fi kowa gudun mashayi. Wannan abin kunya ne. Muna da kuɗin sa tayil a masallaci, muna da kwamitin komai da komai, amma ba mu da aji ɗaya na Islamiyya da za a buɗe bayan Isha'i domin mutum biyar su zauna su riƙe juna.

Kai da kake fama, fara da asibiti. Wanda ya daɗe yana sha sosai, yankewa farat ɗaya na iya jawo masa jijjiga da gushewar hankali cikin kwana biyu zuwa uku, har ta kai ga rasa rai. Je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, ko na Dawanau a Kano, ka tambayi ma'aikatan ko akwai zaman masu murmurewa kusa da kai. Akwai kuma zaman AA da ake yi ta intanet dare da rana, ba dole ka nuna fuskarka ba. In zaman farko bai kwanta maka ba, gwada wani. Matan mashaya da 'ya'yansu ma suna da nasu, Al-Anon, tun 1951.

In an nema an rasa, ƙa'idar AA ta ce mutum biyu ko uku sun isa su zama ƙungiya. Limamai, fastoci da masu unguwanni, ku ba su ɗaki da mabuɗi, kada kuma ku tsaya a bakin ƙofa kuna duba wa ya shiga.