Addu'a a Kan Babur



Damina ta kankama, sauro ya yi yawa a Matsinkai. Makon jiya wata uwa ta kawo mana ɗanta, kwana biyu yana jijjiga. An ce mata aljanu ne. Ta kulle ɗaki, ta ɗauki azumi, tana ta karanta Zabura 91 da Afisawa 6. Ban raina yaƙinta ba, ni ma ina durƙusawa. Amma gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Yana kwance har yanzu.

Luka da ya rubuta Bishara ai likita ne. In yaro ya fara jijjiga, kwantar da shi ta gefe, kada ki ɗura masa komai, ki nemi babur zuwa asibitin Bagudo. Zaburar kuwa, ki karanta a hanya.