Baƙin Gemu Da Tsarabar Da Ke Kumbura Leɓe

Yau ba maganar farashin shanu ko kuɗin shingen hanya muka zo da ita ba, maganar fatar jikinmu ce da ta iyalanmu. Mu da muke hango kirci a jikin sa tun daga nesa mu ƙi taya shi, mu ne kuma za mu tsaya a kasuwar Sinkase ko ta Bawku mu sayi kwalbar da ba mu iya karanta rubutunta ba, mu shafa a fuska.

Wani abokin fataucinmu a nan Salaga ya shekara biyar yana rufe furfurar gemunsa da baƙin rini, lafiya lau. Ana gab da Babbar Sallah ya shafa kamar kullum. Bayan kwana biyu leɓɓansa suka kumbura, haɓarsa ta feso ƙuraje masu ruwa, ido ɗaya ya rufe. Ga shanu an loda za a ƙetare ruwa daga Makango zuwa Yeji, ga mai kaya a kwance. Yaronsa ne ya kai su Kumasi, dillalai kuwa suka ga yaro, sauran kun san shi. A zango har an fara cewa jifa ne.

To, ba jifa ba ne. A cikin irin wannan rini akwai sinadarin da ake kira PPD. Jiki yakan daɗe yana haƙuri da shi, sai rana guda ya yi bore, kuma in ya yi, ya ƙi shi ke nan har ƙarshen rai. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ciwon ba ya fitowa nan take, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, lokacin mutum ya manta da abin da ya shafa, sai ya ɗora wa naman da ya ci jiya. Shi ya sa takardar da ke cikin kwalin rini na gaskiya take cewa a gwada kaɗan a fata, a jira awa 48. Mu nawa ne muka taɓa buɗe takardar? Malamanmu ma dai tun muna yara jan lalle suke nuna mana, ba baƙi ba.

Wannan PPD ɗin ne ake zubawa a baƙin lallen da ake yi wa amare. Lalle na ainihi ja yake kamawa, kuma sai an yi awoyi ana jira. Wanda ya yi baƙi ƙirin cikin ɗan lokaci, da haɗi a ciki. Haka jan-baki da man leɓe marasa suna da muke cika jaka da su tsaraba. A shekarar 2016 hukumar FDA ta Gana ta hana shigo da man bilicin mai sinadarin haidirokwinon, amma wa ke ratsa iyaka duk mako in ba mu ba? Mu daina zama jakin dakonsa zuwa ɗakunan matanmu.

Sai maganin shanu. Mu zuƙi fenisilin ko sitireftomaisin a sirinji ya ɗiga a yatsu, mu dama maganin kaska da hannu tsirara, ko wanki babu mu ɓare goro mu kai baki. Gobe leɓe ya tsage, tsakanin yatsu ya yi ta ƙaiƙayi, mu ce iskar hunturu ce.

Wanda abin ya samu, ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya daina shafa komai, har da man da maƙwabci ya ce ya yi masa aiki. Ya ɗauki kwalbar ko kwalin ya kai wa likita ya gani. In kuwa harshe ko maƙogwaro ne ya kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, ba a jiran gari ya waye, asibiti za a nufa nan take, ko a Yendi ake ko a Tamale.

Roƙonmu ga shugabannin ƙungiya shi ne, daga cikin kuɗin da muke biya kan kowane sa, a sayi safar hannu ta roba da sabulu da bokiti a ajiye a wurin lodi na Salaga da Yendi da Bawku, a kuma sa maganar cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa.